Washegarin Sallar Jidda

Shagon intanet na Yayana a Azare yana da adireshin imel ɗaya da rabin unguwa ke amfani da shi. Duk mai ɗa a waje ya ba shi wannan adireshi, saƙo ya zo, mu buga masa a takarda. Ni ce mai zama a kan kwamfutar tun da na gama kwaleji. Sunan shago dai na Yaya ne, wahalar kuwa tawa.

A shekarar da iska ta karkatar mana da faifan kamo intanet da ke kan rufi, mun daɗe ba layi. Da aka gyara, akwatin imel ɗin ya cika maƙil da saƙonni, yawanci tarkacen talla. Da ka taɓa shi sai kwamfutar ta sandare. Yaya ya ce a share komai a huta.

Ranar ce Goggo, maƙwabciyarmu mai ƙosai, ta shigo. 'Yarta da ke aure a Jidda ta haihu, ba ta yi arba'in ba ta rasu. Mijin ya faɗa a waya cewa ya turo hoton suna ta adireshinmu, washegarin ƙaramar Sallah. Goggo ba ta taɓa ganin jikar ba.

Yaya ya ce, "Goggo, sai haƙuri. Neman allura ne cikin rairayi."

Na ce, "Yaya, ba wanda zai share akwatin nan."

"Ke da wa?"

"Ni da kaina."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ƙyuya ce kawai ke damunsa. Saƙonnin ba a cikin kwamfutarmu suke ba, suna can kan wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Ba dole sai an kwaso su duka ba. Na zauna na rubuta ɗan gajeren furogiram: ya shiga sabar, ya ce mata ta ba shi lambobin saƙonnin rana kaza kaɗai, sannan ya jawo su ɗaya bayan ɗaya. Yaya na tsaye a kaina yana tsiya, wai su injiniya manya, a dai tausaya wa man janareto.

Na sa ranar da ta bi Sallarmu. Saƙonni suka sauko, talla ne da gaisuwar wasu, babu na Goggo. Yaya ya miƙo hannu zai karɓi kujera. Na ƙi tashi.

Ina kallon kwanan watan sai na tuna rigimar ganin wata ta shekarar. Muna nan muna azumi rediyo ya ce a Saudiyya an sauko daga Idi. Washegarin Sallar mijin ba ita ce washegarin tamu ba. Na ja ranar baya, na sake turawa. Ga shi kuwa, da sunan Goggo a kai.

Hoton ya riƙa buɗewa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Jaririya ce cikin farin zane. Mai ɗaukar hoton ya yanke uwar, hannunta kaɗai ya fito, da jan lalle, yana tallafe da kan yarinyar. Goggo ta matso, ba ta ko dubi jaririyar ba tukuna. Ta ɗora yatsa kan gilashin, daidai wani tabo a bayan hannun.

Ta ce, "Man ƙosaina ne ya fallatsar mata nan, tana ƙarama."

Yaya ya fita waje wai zai duba janareto. Kafin ya dawo na canja kalmar sirrin akwatin. Ya yi faɗan, ya kai ƙarata wurin Baba, duk da haka ban ba Yaya sabuwar kalmar ba. Akwai sauran iyaye a unguwar da ba su zo ba tukuna.