Shafin da Na Yage wa Kaka

Ƙamshin tsohuwar takarda har yau yana mayar da ni ɗakin kakana. Malamin asibiti ne, ya ɗaure raunin sojoji lokacin yaƙi, kuma tun da ya dawo gida ba shi da abin so kamar littattafan labarin likitocin fagen fama. Ba kowanne yake saye ba, sai bugun farko wanda marubucin ya sa wa hannu. Idan damina ta wuce yakan baza su a tabarma su sha iska, ya zauna yana gadi kamar mai shanyar hatsi. Da na matso sai ya tsokane ni: "Amarya, kin wanke hannu?"

Ina 'yar shekara bakwai na buɗe wanda ya fi so, na ga wani ya yi ƙazamin rubutu da biro a shafin farko. A makaranta dukanmu ake yi a kan irin wannan. Sai na yage shafin tsaf, na jefa a murhu, na ruga na faɗa masa ina jiran yabo. Bai dake ni ba. Da ma ya dake ni! Ya dai rufe littafin, ranar kuma bai ci tuwo ba.

Na girma ina neman irinsa. A nan Kuala Lumpur, inda na biyo maigidana karatu, na same shi a wani shagon tsofaffin littattafai kusa da Masjid India, bugun farko, da sa hannun marubucin a shafin farko, irin wanda na yage. Maigidana ya ce mu aika, na ƙi, ni sai na ga fuskar Kaka yana buɗewa. Wannan taurin kan ne ya cuce ni. Korona ta zo, jirage suka tsaya, Kaka kuma ya kwanta rashin lafiya.

Yayana ya haɗa mu ta bidiyo. Na buɗe shafin na kara a wayar. Kaka ya daɗe yana kallo, numfashi yana yi masa wuya, sannan ya ce, "Amarya, kin wanke hannu?"

"Na wanke, Kaka."

Bayan kwana biyu ya rasu. Ko zaman makoki ban samu ba, kuma wallahi har yau ban yafe wa kaina ba.

Littafin yana nan a kan kantarmu a unguwar Taman Melati. Rannan 'yata ta miƙa hannu za ta ɗauka, tun kafin in tambaye ta ta juyo ta ce, da salon maganar yaran garin nan, "Na wanke lah, Mama." Sai kuka ya ƙwace mini.