Takardar da na cusa a murhu

'Yan uwa, ku ji abin da na tsinta yau a ƙarƙashin gadon 'yata Ummi.

Ina shara sai ga wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannu ba, gefensa duk allurai kamar haƙoran mataji, an soka musu wayoyi. Kusa da shi ga takarda mai gida-gida, kowane gida da lamba. Sak hatimi! Ga yarinyar nan kwana uku tana zazzaɓi.

Na fizge wayoyin, takardar kuwa na cusa ta a murhu.

Da Baban Ummi ya dawo daga shagonsa na gyaran rediyo a Yalwawa, na dire masa allon. Na ce, "Wane malami ne ya ba ka wannan?"

Ya ce, "Haba Maman Ummi, ni na haɗa. In ɗaki ya yi zafi, shi zai kunna mata fanka. Kowace waya da allurarta, in an saɓa ƙonewa zai yi. Ina takardar da na zana?"

Na nuna masa murhu.

Tun la'asar yake zaune yana ƙirga allurai. Ni dai na goya Ummi, ba za ta koma gadon nan ba sai na ga fankar ta juya.