Kwalliyar da Aka Yi wa Babur ɗin Aliero

Kafin a yanke mana jiharmu daga Sakkwato, idan ka ji rurin babur a hanyar Aliero tun daga nesa, ba sai ka tambaya ba, aminina ne, wani Alhaji dillalin albasa. Yanzu kowane lungu 'yan kabu-kabu ne, shi kuma ciwon ƙafa ya zaunar da shi a zaure.

Ya sayi babur ɗin ne a hannun wani injiniyan hanya da zai koma ƙasarsu. Irin waɗanda ake ƙerawa domin tsere ne, sai a sa musu fitila da madubi a sayar da 'yan kaɗan, don dokar tseren ta ce sai babur ɗin da ya halatta ya hau titi ne zai shiga tsere. Na ga irinsu a Italiya da Faransa, a bayan gilashi, ba mai taɓawa. Da na je duba Alhaji bara, ya ce mini tsoronsa ɗaya ne: ranar da ya rasu za a raba babur ɗin a gado, wannan ya ɗau inji, wancan taya. Ya roƙe ni in samo wanda zai ajiye shi ɗungurungum. Na samo wani Bafaranshe a Yamai mai tara irinsu, na aika Aliero cewa muna tafe.

Ana sallame asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da baƙon da direba. Hanyar Jega cike take da motocin ma'aikata masu ƙaura daga Sakkwato zuwa sabuwar jiha, katifa a sama, akuya a baya. Gidan mai babu mai, sai na galan a bakin titi, tsadarsa kuma ta sa direba ya yi ta salati. A Jega muka karya da kunu da ƙosai mai zafi. Baƙon ya ci yaji ya yi hawaye, ya ce daɗi ne. A hanya ya yi ta ba ni labarin babur ɗin da Faransanci: tankinsa na dalma ne da aka buga da hannu, kuma ko karcen da ke jikin fenti yana so, domin shi ne shaidar asali.

Warin albasa ne ya fara tarbarmu a Aliero. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura. Sai babban ɗan Alhaji ya turo babur ɗin daga cikin gida, an lulluɓe shi da sabon zane, ya yaye yana murmushi.

Ban gane shi ba. Jan fentinsa na asali ya koma kore shar, fentin ƙofa. An cire rigar da ke rufe inji. An ɗora tankin wani babur, an sa sabon salansa mai ƙyalli, an faɗaɗa sirdi da leda mai geza, ga furen roba a kan madubi.

"Baba, sati munka yi Jega wurin bakanike," in ji ɗan, yana dubana. "A ce baƙo ya taho tun daga Yamai mu nuna mai abu duk lotsa da tsatsa? Ai sai a yi muna dariya."

Alhaji ya dube ni. "Mi Bature ya ce?"

"Yana tambayar tsofaffin kayan, Alhaji."

"Tarkacen? Kai, ka ji mutum! An yi mai sabo yana biɗar shara."

Baƙon ya ce idan an samu na asalin, har yanzu zai ɗauka. Muka juya Jega da ɗan. Bakaniken ya nuna mana rumfar masu zubin tukwane a bayan kasuwa, ya ce can tankin ya tafi. Maƙerin ya tuna shi sarai, har ya yaba, ya ce bai taɓa narka dalma mai kyau irinta ba. Ya nuna mana jerin tukwane da ludaya suna shan rana. Baƙon ya ɗauki ludayi ɗaya ya juya shi, ya ajiye.

Saura salansa da riga, waɗanda aka ce wani mai injin niƙa daga Liba ya kwasa. Muka kama hanyar Maiyama da rana tsaka, kwalta duk ramuka, gero da dawa dama da hagu. A Liba muka tarar an yanke salansan gida biyu an liƙa wa injin niƙa, mata na layi da kwanonin hatsi. Rigar kuwa an kifa ta a tsakar gida, kaza na kwanci a ƙarƙashinta. Mai gidan ya ce mu ɗauka kyauta, a dai bar kazar ta ƙyanƙyashe.

Na zauna a ƙasashe da dama. A can, tsufan abu daraja ne, har ƙurarsa ake tattali. A nan, tsufa a gaban baƙo abin kunya ne. Na fassara wa kowanne maganar ɗan'uwansa daidai, amma ban iya sa ɗaya ya fahimci ɗaya ba.

Da la'asar muka koma Aliero. Ban ɓoye wa Alhaji komai ba, na ce baƙon ya fasa. Ya daɗe yana kallon koren babur ɗin, ɗansa na tsugune kansa a ƙasa.

"Tashi," in ji shi. "Mutunci kaka nema muna. Ku kai shi ciki, kar in sake ganinai."

Muka iso Birnin Kebbi bayan magariba. Washegari baƙon ya koma Yamai hannu wofi. Abin da tafiyar ta koya mini ba mai daɗi ba ne: ba sakaci ne ya kashe babur ɗin ba, karamci ne. Rabon da Alhaji yake tsoro an riga an yi shi yana raye, kuma ba mai iya sake haɗa shi.