Ranar da Muka Zaunar da Dodo

A Aliero na koyo wasan nan, lokacin da nake karatu, wurin wasu abokai da muke ɗaki ɗaya. Ba shi da wuya. Mutum ɗaya ke jan labari, shi ne daji, shi ne kogi, shi ne abokan gaba. Sauran kowa ya riƙi jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa dayis a ga ko ya dace. Da na dawo Jega ban zo da komai ba sai dokokin a kaina. Muka samo dayis ɗin lido, murafen kwalba suka zama mutane, muka riƙa zana duniyar da gawayi a kan siminti.

Ni ke jan labarin, kuma ba cika baki ba, na iya. Aikin duka awo ne. Ka san ƙarfin mutanenka, ka auno musu abokan gaba daidai yadda za su tsorata amma su sha da ƙyar. In ka rage, su yi ta hamma. In ka zarce, ka kashe su a banza su yi fushi da kai. Hannuna ya daɗe da sanin wannan awon.

Masu wasan uku ne: mahaucin layinmu, da wani abokina dillalin albasa, da yayana. Yaya direban babbar mota ne, ko in ce a da. Motar albasa ta kife da shi a hanyar Maiyama, ƙafarsa ta dama ba ta sake ɗaukarsa ba. Tun daga nan kowa ya koma lallaɓa shi. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, an riga shi. Ko gardamar ƙwallo ta tashi, da ya buɗe baki sai a ce gaskiyarsa ne. Ya rage magana, ya rage cin abinci, ya koma shi da rediyo. Don shi na mayar da wasan zaurensa, kowace Lahadi bayan la'asar. Ya zaɓi maharbi. A kan simintin nan shi ke gaba, shi ke ba da umurni, kuma nan kaɗai muryarsa ta tashar mota take dawowa. Ina son yayana ƙwarai, muryar nan nake zuwa ji.

Wata Lahadi na ajiye musu dodo a bakin kogo, da marfin robar fenti don ya fi kowa girma. Na shirya shi ne su yaƙe shi. Sai mahauci ya gyara zama ya ce, "Wanga yunwa ka damu nai. Ni tsire zan miƙa mishi."

Na ce sai dai in shida ta fito. Ya hura dayis, ya jefa, shida ta fito. Doka doka ce. Dodo ya ci tsire, ya lashe tsinke, ya biyo su.

Faɗan da ya biyo baya na kuraye ne, kuma na auna shi tun kafin dodo ya shigo tafiyar. Mari ɗaya, shuri ɗaya, dodo ya share su duka. Mahauci da dillali suna ta dariya har da tafi. Maharbin Yaya ko kibiya ɗaya bai saka ba. Na ga ya jawo rediyonsa ya kunna a hankali. Da za mu tashi ya ce wataƙila mako mai zuwa mu yi a wani wuri, ƙafar tana damunsa. Na san ƙafar ba ta yi komai ba. In wasan ya fita daga zauren nan, ban san me zai saura masa ba.

Ban kai wasan ko'ina ba, na dawo da shi zauren da sabon awo. Na ninka kurayen, na sa musu uwa mai ƙarfin da dodo kaɗai zai iya tarewa. Na zana kwazazzabo mai ƙunci a bayansu, inda dodo ba zai shiga ba, sai mai baka. Rabi na dodo, rabi na maharbi. Ko yau in an ba ni wannan tafiyar, haka zan auna ta.

Na jera murafen, na ce, "To, ga su nan sun taso. Ina za ku tsayar da dodo?"

Dillali ya ce, "Ba ya tsayawa ko'ina. Ni tun wancan makon abin ke cina. Baƙo na, ya ci abincinmu, sannan munka tura shi gaba shina yi muna faɗa muna tafi. In labari ya kai garinsu mi za a ce da mu?"

Mahauci ya ce wallahi gaskiya ne, ko a gidansu ba a taɓa ba baƙo wuƙa ranar da ya sauka ba. Suka ɗauke marfin fentin suka kai shi gindin bishiyar da na zana, har da cewa a ba shi ruwa. Abokan da suka koya mini wasan sun faɗa mini dabaru iri-iri, amma babu wanda ya taɓa ce mini za a samu mutanen da za su sami dodo su shimfiɗa masa tabarma.

Yanzu faɗan mutum huɗu, har da ƙato, ya faɗo kan mutum uku. Mai jan labari yana da hanyoyinsa. Sai in ce wasu kurayen sun ji tsoro sun juya, babu wanda zai gane. Na miƙa hannu zan janye murafe biyu. Yaya ya ɗora sandarsa a kan hannuna.

Ya ce, "Bar su yadda ka aje su."

Na ce, "Yaya, sun yi yawa."

Ya ce, "Na gani. Ina da ido."

Na dube shi, na janye hannuna. Na jefa wa kuraye dayis a fili, gaban kowa, ban ɓoye ko ɗaya ba.

Ban taɓa jan faɗa mai daɗin wannan ba. Yaya ya kashe rediyo. Ya tura mahauci da dillali su raka baƙo su haye kogi, shi kuma ya toshe bakin kwazazzabon. Yana harbi yana yi musu tsawa kamar yaran mota sun ɗaure kaya ba daidai ba. Kibau suka ƙare, ya zare wuƙa. Da jinin maharbi ya kusa ƙarewa, mahauci ya karaya ya ce a taso baƙon haka nan, kunyar ta isa. Yaya ya ce a'a, an riga an zaunar da shi, ba a tada shi.

Uwar kurayen ta iso kansa. Yana buƙatar huɗu ko sama ya kauce. Ya jefa da kansa, biyu ta fito.

Na faɗi abin da ya faru yadda ya kamata a faɗe shi, cewa mutanensa da baƙonsu sun haye lafiya, maharbi kuma bai tashi ba. Na ɗauke marfinsa daga siminti. Na san wannan jarumin shi ne abin da ya fi so a duk mako, kuma ni na kashe shi. Mahauci da dillali suka sulale da sunan alwala.

Yaya ya daɗe yana kallon zanen gawayin. Sannan ya ce, "Tun da mota ta kife da ni, kai kaɗai ka buge ni da hannu biyu."

Ya tura mini dayis ɗin da sandarsa.

Ya ce, "Lahadi ka zo da wuri. Ni zan riƙe dodon, kuma ka nemo abin da ya fi ƙarfinai."