Gadon Inna da Kujeruna

Shekarun baya, lokacin da aka yanke Jigawa daga Kano, ina cikin ma'aikatan da aka ce su tattara nasu ya nasu su koma Dutse. Ƙaramin akawu ne ni a lokacin, ko aure ban yi ba, amma ina jin kaina kamar wani babban sakatare, don kawai ina da jakar hannu da biro uku a aljihun gaba. Bai fi wata biyar da rasuwar mahaifina ba. Gidan da muka taso a ciki a Kano na gwamnati ne, ɗaki huɗu da tsakar gida mai faɗi, kuma tuni an aiko mana takarda mu tashi tunda mai aikin ya rasu. Sai abin ya haɗe mana biyu, ga tashi ga canjin gari. Mu uku muka rage: ni, mahaifiyata da muke kira Inna, da ƙanwata autarmu. Sauran mata duk suna gidajen mazajensu.

Wanda bai ga Dutse a wancan lokacin ba da wuya ya gane wahalar gida. Gari ne ƙarami a gindin duwatsu aka kwararo masa ma'aikata rana ɗaya. Wasu a ofis suke kwana, wasu kullum su taho daga Kano da safe su koma da yamma. Sai da na yi sati uku ina gararamba kafin wani abokina ya samo mini ciki da falo a gidan haya. Falon yana da ɗan faɗi, amma uwar ɗakan kamar akurki. Na sa igiya na auna ko'ina, na rubuta a takarda, na koma Kano ina ji da kaina na zama mai tsari.

Rabon kaya ya ci mana kwana huɗu. Kayan shekara talatin ne za a cusa a ɗaki biyu. Inna ta sauke jerenta, tasoshi da kwalla da samiru, ta kasa wa 'yan'uwana mata, ko gezau ba ta yi ba. Littattafan mahaifina aka kai wa limamin unguwa. Babbar tukunyar suna da turmi maƙwabta suka ɗauka. Duk wannan bai ɗaga mata hankali ba sai da aka zo kan gado.

Gadon ƙarfe ne mai rumfa, irin na da, mai tsayi da nauyi. Mahaifinta sa guda ya sayar ya saya mata shi lokacin aurenta. A kansa ta yi rainon mu duka, a kansa kuma mahaifina ya cika. Igiyata ta ce ba zai shiga uwar ɗaka ba, in dai ana so a buɗe ƙofa a kuma sami wurin akwatuna.

A nan sai na yi muku bayanin wani abu. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan da ce masu alkunya. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta tambayata komai kai tsaye. In tana son abu a wurina, ƙanwata take gaya wa, ko da ina zaune a gabanta. Ranar ma haka aka yi. Tana ninke zani ta ce da ƙanwata, "Wai falon can ba a ce yana da faɗi ba?"

Ƙanwata ta juyo. "Yaya, me zai hana mu zauna a falon da gadon, kai ka ɗauki cikin?"

Na san amsar gaskiya, amma ina da saitin kujerun kushin da na yi shekara biyu ina tari kafin na saya, ko ledarsu ban cire ba. A raina ina hango manyan ofis sun zo gaishe ni, na ce bismillah ku zauna. Sai na haɗe rai na ce, "Ke yarinya ce. Ma'aikaci a sabuwar jiha a ce ba shi da falo? Wata shida ne kawai, za a gina mana gidaje. A kai gadon ajiya wurin Kawu."

Inna ta ci gaba da ninke zanin da ta riga ta ninke.

Kawu ƙaninta ne, manomi a wani ƙauye kusa da Aujara. Can aka kai gadon a kwance, aka jingina shi a ɗakin da yake zuba buhunan gyaɗa. Mu kuma muka tare a Dutse. Inna da ƙanwata suka raba katifa ɗaya a ƙasa a uwar ɗaka, akwatuna a kan akwatuna har kusa da rufi. Ni ina kwana a doguwar kujera a falo, ina ta kaffa-kaffa kada in yaga leda.

Wata shida ya zama shekara, shekara ta zama uku. Gidajen da aka gina ba su iso kan ƙaramin akawu ba. Manyan baƙin da nake jira kuwa, sau ɗaya shugaban sashenmu ya taɓa zuwa neman wani fayil, shi ma daga bakin ƙofa ya karɓa ya juya. Kajin maƙwabciyarmu sun fi kowa morar kujerun nan.

A cikin shekarun ne gwiwoyin Inna suka fara ciwo. Tashi daga ƙasa ya zame mata aiki. Sai ta dafa bango, ta yi bismillah, ta huta, sannan ta miƙe. Har wurin da take dafawa ya yi duhu da shatin tafin hannunta. Ina gani kullum in na leƙa gaishe ta. Lokaci-lokaci ƙanwata takan ce mini, "Yaya, Inna ta ce wai ko gadon nan yana nan lafiya."

Ni kuma in ce, "Ki ce mata yana nan, gado ai ba ya gudu."

Na daɗe ina gaya wa kaina wai ban gane ba. Ƙarya nake yi. Wanda ya tashi a hannun irin Inna ya san cewa wannan tambayar ita ce iyakar roƙon da za ta iya yi wa ɗan fari. Na gane sarai, na dai fake da cewa ba ta faɗa ba.

Wata ranar Alhamis da damina, na dawo daga aiki na tarar da mata cike da ɗakinmu. Inna ta yunƙura za ta yi alwalar la'asar, ƙafa ta ƙi, ta faɗi a kan akwati. Da muka kai ta asibiti likita ya ce ga hawan jini ga gwiwa, sannan ya dube ni ya ce, "A ƙasa take kwana? Mai waɗannan shekarun?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Asabar da sassafe na ɗauki shatar akori-kura na nufi ƙauyen Kawu. Bayan gaisuwa na ce gado na zo ɗauka. Kawu ya sosa ƙeya, ya dubi matarsa. Muka shiga ɗakin gyaɗa, babu gado babu alamarsa.

Matar Kawu ce ta yi mini bayani. A ƙauyen, in talaka zai aurar da 'ya kuma bai da halin gado, akan ara masa a asirce a yi wa amarya jere, har zuwa lokacin da zai samu ya saya. Dangin miji ba su sani ba, kuma ba a so su sani. Gadon Inna yana ɗakin wata amarya da aka kai kwana tara da suka wuce, 'yar wani maƙwabcinsu da gonarsa ba ta yi ba bara.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na manta da girman Kawu na fara faɗa, ina cewa ajiya muka kawo ba sadaka ba, mai gado tana can kwance a ƙasa ba lafiya. Ina cikin haka sai ga uban amaryar, ashe an aika masa. Dattijo ne mai furfura, da laka a ƙafarsa daga gona. Ya durƙusa a gabana, ni da na yi sa'ar ɗansa.

Ya ce, "Ɗana, gaskiyarka ce, kayanku ne. Amma har yanzu dangin mijin suna zuwa ganin ɗaki. In aka kwance gadon nan yau, yarinyar nan ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan ba. Ka rufa mana asiri zuwa kaka. In na ɗaure gero, da kaina zan kawo."

Na shiga mota muka juyo ba komai a baya, direba yana ta yi mini tsiya wai bai taɓa ɗaukar iska daga Aujara zuwa Dutse ba.

Da na iso na zauna a bakin ƙofar uwar ɗaka, na zayyana wa ƙanwata duk abin da ya faru yadda Inna za ta ji. Ina jira in ji ta yi fushi da Kawu. Sai na ji ta ce, "Kai."

Na ɗaga kai. Ni take kallo, ido cikin ido. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin haka ba.

Ta ce, "Da ka kwance shi, da ka ɓata mini. Ni na ce a bayar. Duk wadda za a ara wa sai an aiko an tambaye ni, wannan ce ta huɗu. Tunda ni ban sami wurin sa shi ba, gara ya rufa wa wasu asiri da ya yi tsatsa." Ta maida numfashi. "In an yi kaka a kawo. Ina so in kwanta a inda babanku ya cika. Amma ka kyauta da ka je."

Ta mayar da fuskarta bango. Ni kuma na fita tsakar gida na tsaya a bayan randa, na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar mahaifina.

A yammacin ranar na kira abokina muka fitar da kujerun. Biyu muka kai shagon wani tela, doguwar na bar wa maƙwabciya. Aikin bai ci minti ashirin ba. Minti ashirin, abin da na yi shekara uku ina cewa ba zai yiwu ba. Na sa kafinta ya buga ɗan gadon katako, muka dawo da Inna falo, ni na koma cikin akwatuna. Da ta kwanta ta shafa katakon, ta ce da ƙanwata, "Ki ce masa an gode." Alkunyarta ta dawo, ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba.

Daga nan ta shiga lissafin damina. Duk wanda ya zo dubiya daga ƙauye sai ta tambaye shi, "Gero ya fitar da kai?" In aka ce ya kusa, sai ta ce madalla. Ba ta taɓa cewa don me take tambaya ba, mu ma ba mu taɓa nuna mun sani ba.

Ta rasu wata ranar Talata da hantsi, ana saura 'yan makonni a fara girbi.

Bayan sadakar arba'in da kamar sati biyu, ina zaune a ƙofar gida sai ga akori-kura ta tsaya. Dattijon nan ne, da gadon a baya an goge shi yana ƙyalli, da dami biyu na gero na tukuici. Ya san ta rasu, har ta'aziyya ya zo. Ya ce, "Na yi alkawari, kuma amana ce."

Ban san me ya sa ba, na ce a shigo da shi a ɗaura. Muka kafa shi a falo, rumfa da komai. Ya zauna daram. Ƙofa tana buɗewa har ƙarshe, ga wurin shimfiɗa sallaya, ga wurin da mai dubiya zai zauna. Muka tsaya ni da ƙanwata muna kallonsa. Can ta ce, "Yaya, to wa zai kwanta a kai?"

Babu wanda ya iya a cikinmu. Kafin la'asar muka sake kwance shi, na roƙi dattijon ya mayar wa matar Kawu, duk yarinyar da ubanta ya gaza a ara mata, Allah ya kai ladan kabarin Inna. Geron ma na ce ya koma da shi.

Yanzu ina da gidan kaina a Dutse, ɗaki biyar, biyu ma ba mai kwana a ciki sai tarkace. Wani lokacin nakan buɗe ɗaya in tsaya ina kallon faɗinsa. Mutane in na ba su labarin sukan ce in daina zargin kaina, ƙuncin gidan haya ne, kowa ya sha a lokacin. Amma ni na riƙe igiyar awon, na san abin da ta nuna mini. Wuri yana nan tun ranar da muka tare. Ni ne ban matsa mata ba.

Wanda ya karanta, ya sa Inna a addu'a. Allah ya yalwata mata makwancinta.