Baƙon da ke Neman Tsoho Namadi

A tashar Kalgo, Nagoggo mai fura tana kallon wani baƙo dogo, tabaransa ɗaure da zare. Yana rungume da mujallar jami'a ta nazarin zamantakewa, ko a benci ya ƙi ajiye ta. A ranta ta ce, wannan malamin ya sha yawon ƙauyuka da rikoda.

"Inna, tsoho Namadi na Wurogauri yana shigowa kasuwa? Hirar da na yi da shi kan zaman manoma da makiyaya ce a cikin mujallar nan. Editoci sun yi ta maido mini gyara, sai bana aka buga."

"Ayya, ɗana, Namadi ya rasu tun damina."

Ya daɗe tsaye, bakinsa yana motsi da addu'a. Sannan ya tambayi motar Wurogauri.

"Zan karanta wa 'ya'yansa."