Turken Bijimin Yaya Maina

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Maina. Ban yi boko ba, ban kuma iya doguwar magana ba. Wani maƙwabcina na faɗa wa ya rubuta, na ce kada ya ƙara kome.

Garkenmu yana kan hanyar Nangere. A yankinmu kowa barin bijimi yake yi cikin shanu duk shekara, saniya ta haihu lokacin da ta haihu. Yaya bai yarda da wannan ba. Ya kafa turke a bayan gida, ya ɗaure bijiminmu wata goma, ba ya kwance shi sai an yanke gero. Lissafinsa ɗaya ne: cikin saniya wata tara ne, idan aka yi barbara da kaka, maraƙi zai faɗo a kan ɗanyar ciyawa, uwarsa ta ƙoshi, hantsarta ta cika. Kuma ba ya bari a taɓa dakashi, nonon farko, sai maraƙi ya sha ya bari.

An yi masa dariya. Wata Laraba a karar Potiskum, kasuwar shanu, wani dillali mai suna Modu ya tare shi a gaban mutane.

"Maina, bijimin nan naka takaba yake yi ne? Wa ya mutu masa?"

Yaya bai ko tsaya ba. Ya ce, "Ka zo da damina ka gaida 'ya'yansa."

Modu ya zo. Daga shekarar nan shi ke fara leƙo mu kafin kowa, domin maruƙanmu tare suke tashi, kai ɗaya, mai saye ba ya tsayawa zaɓe.

Yanzu zan faɗi laifina. Ni ne mai yanko wa bijimin ciyawa, ni ne mai ɗebo masa ruwa, shekara da shekaru, kuma na gaji. Yaya ya rasu farkon damina. Da aka yi sadakar arba'in, na je na kwance igiyar. Na ce wa kaina ai dabba ce, Allah ke raya ta.

Maruƙan suka zo tsakiyar bazara. Ƙasa ta bushe, harawa ta ƙare, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Maraƙi zai kama nono ya ja, ya ja, babu kome. Biyar suka mutu, na ja su da hannuna zuwa bayan gari. Wata karsana da Yaya ya fi so, haihuwarta ta fari, ta kwanta ba ta tashi ba. Sai matar Yaya ta tashi. Ta ɗauko igiyar daga inda na jefar da ita, ta wanke, ta ajiye a ƙofar ɗakina. Na mayar da bijimin turke. Da na sake yin ganganci irin wannan, da yau babu garken da zan ba da labarinsa.

Yau ɗan Yaya, Idi, ke riƙe da shanun. Yana kiran malamin dabbobi a waya, ana allura kan lokaci, abubuwan da Yaya bai gani ba. Nakan tambayi kaina me zai ce. Wayar dai na san zai yi mata tsaki. Allurar zai karɓa, don shi duk abin da zai raya maraƙi nasa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan sama, wanda yanzu yakan makara. Bara, da aka yanke gero, na ɗauki hanyar turke zan kwance, Idi ya riƙe hannuna.

"Baffa, a ƙara masa sati uku."

Na ce, "Ubanka da yankan gero yake kwancewa. Na saɓa masa sau ɗaya, na ga abin da na gani."

Ya ce, "Baffa, ba gero Baba yake kallo ba. Ciyawar da maraƙi zai tarar yake kallo."

Shekara talatin ina bin mutumin nan da igiya, ranar kwancewa kawai na riƙe. Ɗansa ya riƙe dalilin. Na bar shi, amma sati ukun nan ban ci abinci da daɗi ba.

Bana ruwa ya makara kamar yadda Idi ya zata. Maruƙan suka faɗo bayan ciyawa ta kai idon sawu. Ban ja ko ɗaya zuwa bayan gari ba.

Yaya bai bar gidan bene ba, bai je Makka ba. Amma daga nan har hanyar Damagum na san gidajen da suka kafa turke a bayan gida, wasunsu 'ya'yan masu dariyar ne. Namu turken yana nan inda ya kafa shi. An sauya bijimi sau biyu, an sauya igiya ban san sau nawa ba. Har yanzu ni ke kai ruwan, kuma ban ƙara cewa na gaji ba.

Allah ya jiƙan Maina.